Wa zan fara karantawa kan adana haidirojin?

Ƙanena na Aliero, ka ce kana son yin mastas kan kayan adana iskar haidirojin, wane masani za ka fara bi. Ni dai Borislav Bogdanović zan ce maka, masanin kemistiri ne da ya yi aiki a cibiyar Max Planck ta Mülheim a Jamus. Da can in sodiyom alanet, wani garin sinadari mai riƙe haidirojin, ya saki iskar, mayar da ita ciki sai an sha baƙar wahala, to a 1997 shi da abokin aikinshi Schwickardi suka nuna in an sa ɗan taitaniyom kaɗan abin zai sha ya saki ya sake sha kamar soso, kuma da zafin da bai kai na magnesiyom haidirayid ba, shi wannan wani sinadarin ne mai riƙe haidirojin, sai wajen digiri 300 yake saki. Daga nan fa masu bincike suka yi ca a kan fannin.

Amma har yau motar Toyota Mirai mai aiki da haidirojin tanki mai matsin bar 700 take ɗauka, ba gari ba. Kuma tambayi malaminka tukuna ko lab ɗinku na da akwatin aiki marar iska, don garin nan ba ya shiri da danshi, yana iya kama wuta.