Silin mai kaushi: kada ka sa masa inji tukuna

Ka tambaye ni kan gidan da aka kai ka a Gyaɗi-Gyaɗi, inda Alhajin yake son a mayar masa da silin ɗin falo sumul, ya gaji da kaushin nan mai tara ƙura da yanar gizo-gizo. Ka ce ko ka ɗauko injin gurza ka bi ta kansa, a gama cikin yini guda. To ɗana, ajiye injin nan. Abin da ke saman kanka, sai ka san da me aka yi shi kafin ka taɓa.

Hau tsani ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa. In ka ji tauri babu amo, dakin ne, wato rufin kankare, an watsa masa siminti mai ƙurji ko an bi shi da fenti mai kauri irin su Texcote. In ya yi amon rami kuma ka ga fari fat a inda ya ɓantare, POP ne. In kuwa falle-falle ne masu ƙafa huɗu-huɗu, an danne mahaɗarsu da siraran katako, bayansu ruwan toka, to ka tsaya cak. Shi ne wanda muke kira asbestos, kuma gidajen da aka gina a shekarun 1970 da 1980, daga Nasarawa zuwa Bompai har Kundila, da shi aka rufe da yawansu.

Muddin asbestos yana zaune lafiya, da fentinsa, bai tsage ba, ba ya damun kowa. Ranar da aka gurje shi, ko aka yanka, ko aka huda, ranar ce yake sakin wasu zarurruka da ido ba ya gani. Su shiga huhu su maƙale, ba sa narkewa, tari ba ya fito da su. Mutum ya yi shekara 20, wani 40, yana harkokinsa, sannan numfashi ya fara gagara, ko kansar huhu ta bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane irinsa yana jawo ciwon kansa. Amurka ta hana fesa shi a silin don ado tun 1978, Ingila ta haramta shi baki ɗaya a 1999. Mu nan har yau za ka ga yaro ya hau ya farfasa shi da guduma, ya sauko fari tas kamar wanda ya fito daga injin niƙa, a yi ta yi masa dariya. Wallahi abin yana ci mini rai. Akwai sababbin allunan siminti da ba su da wannan zaren, amma ido ba ya bambance su da na dā, sai ɗakin gwaji. Don haka duk tsohon falle da ka tarar, ɗauke shi a matsayin mai shi.

In shi ne a gidan Alhaji, shawarata a rufe shi. A ɗaura sabon POP ko silin roba a ƙasansa, nauyin ya rataya a katakon rufi, a bi ta mahaɗa, kada a huda tsohon fallen. Sai dai ka auna tsayin ɗakin da farko, domin za ka ci kamar inci huɗu zuwa shida, kuma kai ma ka san zafin Kano a watan Afrilu. Ɗakin da fanka ke kusa da kai ba ya zaunuwa. Ka kuma faɗa wa Alhaji da mai wayarin abin da ke ɓoye a sama, don kada gobe wani ya zo saka fitila ya huda shi bai sani ba.

In gara ta cinye katakon har dole a sauke, to a fitar da iyali da kaya, a rufe ƙofofi da leda, a kashe fanka. A jiƙa fallen, a zare ƙusa a hankali, a sauko da shi ɗungum. Takunkumin ƙyalle ba ya tare komai a nan, nemi mai lamba P3 ko P100. Ba a shara a bushe, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa. Ɓaraguzan a ƙulle su a buhu cikin buhu, kada ka bar maƙwabta su kwasa su cike ramin lungu inda yara ke wasa. Kayan jikinka ma kada ka kai wa mahaifiyarka ta kakkaɓe.

Na dakin ya fi sauƙi. Fesa ruwa a gefe guda, ka jira minti goma sha biyar, ka gwada da ƙarfen kankarewa. In ya saki, ci gaba kaɗan-kaɗan, a jiƙe. In fentin mai ne a kai ko siminti ne, ruwa ba zai shiga ba, kada ka wahalar da kafaɗarka. Kakkarye tsinin da ya fi fitowa, ka wanke ƙura, ka shafa abin riƙo da zai sa sabon shafe ya kama, sannan ka cike da sikiridin, wato kwaɓin da ake shafawa don wuri ya yi sumul. Siriri-siriri, hannu biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Mai kauri a hannu ɗaya shi ne yake ɓarewa ya faɗo a kan gadon mutane. Da hunturu rufe tagogi, iskar tana shanye ruwan kafin ya kama, sai ka tashi ka ga tsagu. POP kuma kwaɓa abin da za ka iya shafawa cikin minti goma, in ya fara ɗaurewa kada ka ƙara masa ruwa, ya riga ya mutu.

Ka ce ka ga tabo ja-ja a kusurwar falon. Wannan yoyo ne. A hau a duba kwano tukuna, in ba haka ba ruwan farko na damina zai dawo da tabon a kan sabon aikinka. Gobe da safe kafin ka shiga Ƙofar Ruwa sayen kaya, biyo ta nan mu je in ga silin ɗin da idona, sannan a yi wa Alhaji kuɗi.