Kafin ka nuna wa mutum injin wankin da zai saya

Ɗana, ka ce maigidan da ka je yi wa gyara yana son injin wanki mai matsin ruwa don aikin gidansa, wato mota biyu, daɓen tsakar gida da katangar da gansakuka ta kama. Ya nuna maka guda biyu, ɗaya an rubuta 200 bar (ma'aunin matsin ruwa) a kwalinsa, ɗayan 130, kai kuma ranka ya kwanta da mai babbar lambar. Dakata tukuna, kar ka ba shi amsa. Wannan lambar ita ce ta farko da ido ke gani, amma ni sai a ƙarshe nake duba ta.

Abu biyu ne ke wanki a injin nan, matsi da yawan ruwa. Matsi yana ɓamɓare datti daga jikin abu, yawan ruwa kuma shi ke kwashe dattin ya tafi da shi. Inji mai matsi sosai amma ruwansa kaɗan kamar a ba ka tsinken tsintsiya guda ne a ce ka share tsakar gida. Inda ya bi zai fita tas, sai dai rana za ta faɗi ba ka ci rabi ba. Shi ya sa idan ka ɗauki kwali, nemi inda aka rubuta lita nawa yake fitarwa a awa ko a minti. Na gida masu aiki da lantarki yawanci suna tsakanin lita 350 da 500 a awa. Idan ka ga an rubuta PSI maimakon bar, raba lambar da 14.5 ka samu bar, kenan 2,000 PSI bai kai 140 bar ba. Mutane da yawa dubban nan ne ke ruɗarsu.

Akwai lissafin da nake so ka riƙe a ka, domin zai raba ka da ƙaryar kwali har ka bar sana'ar nan. Ka ninka matsi a bar da yawan lita a minti, ka raba da 600, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da ruwan kansa ke buƙata. Gwada da injin da ya burge ka. Idan ya ce 200 bar da lita 8 a minti, lissafi ya ba ka kusan kilowat 2.7, tun ba a sa asarar da ake yi a moto da famfo ba. To juya bayansa ka karanta farantin da aka rubuta bayanan injin a kai. In ka ga 1,400 wat, wato kilowat 1.4, ka san lambobin nan biyu ba za su taɓa haɗuwa a lokaci guda ba. Abin da ake yi shi ne a rubuta matsin da famfo ke kaiwa na ɗan lokaci sa'ad da aka saki kunamar bindigar feshi ruwa ya tsaya cak, alhali wanda kake aiki da shi yana ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Kamfanin kirki yana rubuta duka biyun, matsin aiki da matsi na ƙololuwa. Na aikin za ka nema.

Ga irin aikin maigidan nan, matsin aiki na 110 zuwa 130 bar da lita 7 ko 8 a minti ya wadatar. Mota ma ba ta bukatar ko hakan. Mai fetur, wanda ke kai 200 bar zuwa sama da lita 10 ko fiye, na wanda wanki ne abincinsa, ko gidan da daɓensa ke da faɗi ƙwarai, ko inda wuta ba ta isa. Yana da ƙara, yana son canjin mai, kuma hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Kada ka yarda kowa ya tayar da shi a cikin gareji ko ɗaki, ko da ƙofa a buɗe take.

Yanzu zo mu shiga cikinsa, inda kuɗin mutum yake zama ko ya salwanta. Moto iri biyu ne. Akwai mai gawayi, mara nauyi, mai ƙara kamar injin huda bango, yana gudu da sauri yana kuma saurin gajiya. Akwai indokshan, wanda ba shi da gawayin da zai cinye, ƙararsa ƙasa-ƙasa, kuma ya fi shi daɗewa sosai. Ko ba a rubuta ba, ɗaga injin da hannunka, indokshan nauyi gare shi. Sai dai yana jan wuta mai yawa a lokacin tashi, saboda haka in da janareta za a yi amfani da shi, a tabbata ƙarfin janaretan ya zarce na injin da tazara mai kyau.

Famfon ma haka. Ƙananan injina faranti ne karkatacce ke tura fistin ɗinsu, kuma da yawansu an rufe su ne ruf, in sun mutu sun mutu. Na ƙwararru mai fistin uku ne a kan kuranshaf, ana canja masa mai, ana canja robobi da bawul, ya ci gaba da aiki shekaru. Mai gida da zai yi wanki sau ɗaya a mako ba lallai ya kai ga wannan ba, amma ka duba masa kan famfon. Na roba shi ne na ƙasa, alminiyam ya fi shi, tagulla ta fi duka. Kuma kafin a biya kuɗi, ka tambaya ko ana samun tiyonsa, bindigarsa da robobinsa daban. Na ga injina masu lafiyar moto da aka jingine saboda mahaɗar tiyo guda da ba a samu irinta ba, abin yana ci mini rai duk lokacin da na gani.

Abin da ya fi kashe injinan nan a gidaje ba yawan aiki ba ne, ƙishirwa ce. Famfon injin yana son ruwa ya zo masa fiye da yadda yake fitarwa. In ya gaza, sai ya riƙa jan iska, ƙananan kumfa su riƙa fashewa a ciki suna cin bawul da robobi, za ka ji injin yana shaƙewa tiyo yana karkarwa. Don haka kafin ka ce masa ya saya, koma gidan da bokiti mai lita 10 da agogo. Inji mai lita 8 a minti yana shanye bokitin nan cikin daƙiƙa 75, kenan in famfon gidan bai cika shi a cikin minti guda ba, akwai magana. In daga tanki ko durom za a ja, a nemi injin da aka rubuta yana iya tsotsar ruwa da kansa, a ɗaga tankin sama da shi in da hali, kuma a sa matata a mashigar ruwa, domin yashi kaɗan ya isa ya goge fistin. Kullum a buɗe ruwa a danna kunama har iska ta gama fita, sannan a kunna. Mai fetur kuma kada a bar shi yana ci alhali an saki kunama fiye da minti biyu, ruwan da ke zagaye a cikin famfo zafi yake ɗauka har ya lalata robobi. Yawancin na lantarki suna kashe kansu da an saki, ka tabbatar wanda za a saya yana yin haka.

Kan feshi kuwa, launinsa ke gaya maka faɗin bakinsa: ja digiri 0, rawaya 15, kore 25, fari 40, baƙi na sabulu. Fari na mota da gilashi, kore na daɓe da katanga, rawaya na siminti mai taurin datti. Jan nan ka cire shi ka ajiye nesa, gida ba ya bukatarsa, yana yanka katako, yana zana siminti, yana tsaga taya. Don daɓe mai faɗi ka sa shi ya haɗa da faifan nan mai juyawa a ciki, yana wanke ƙasa daidai ba tare da barin layi-layi ba. Tiyo kada ya gaza mita 8, in ba haka ba zai wuni yana jan inji yana zagaya mota.

Ka koya masa ya fara daga nesa a wani lungu da ba a gani, sannan ya matso a hankali. A jikin mota da gefen taya kada ya matso ƙasa da santimita 30. Gansakukar katanga a fara jiƙa ta da maganin wanki a bar shi ya zauna mintuna, sai a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa, ta haka fenti zai tsira. Kada a bar bilic ya bi ta cikin famfon injin. Farantin sola, raga-ragar na'urar sanyaya ɗaki, akwatin mita da duk inda wuta take, ba a nufa su da injin nan. Rufin asbestos kuwa ko kusa, domin feshin yana tayar da zaren da ke lalata huhu. Kada ya hau tsani da bindiga a hannu, tana tura mutum baya da an danna. Soket ɗin ya kasance yana bayan na'urar da ke yanke wuta in ta zubo, mai 30 mA, wayar ƙari kuma mai kauri ce, a warware ta duka daga kan gammonta.

Sannan ka zaunar da shi ka yi masa maganar rauni, musamman in akwai yara a gidan. Ruwan nan in ya samu ƙafa ko yatsa a kusa, ɗan rami kawai za a gani a fata, amma ya riga ya cusa ruwa da datti can cikin nama. A rufe ƙafa da takalmi, a sa tabarau, in kuma tsautsayi ya faɗa, asibiti za a tafi a ranar ko da babu zafi, a gaya wa likita cewa injin matsi ne ya yi.

Gobe ka ɗauko mini hoton farantin injinan biyu da sakamakon bokitin, mu yi lissafin tare kafin ka kira shi.