Tambaya da Amsa: Wane ne Bajamushen da ya fito a matsayin bos a fim ɗin Casablanca?

Tambaya: Na kalli tsohon fim ɗin Casablanca, sai wanda ya fito a matsayin Manjo Strasser, hafsan Nazi, ya tsaya mini a rai. Yadda ya ƙware a muguntar nan ya sa nake tambaya: Bajamushe ne da gaske, kuma ko yana goyon bayan Hitler?

Amsa: Malam, Bajamushe ne tsantsa, amma goyon bayan Hitler kam, sam. Sunansa Conrad Veidt, an haife shi a Berlin ranar 22 ga Janairu, 1893, kuma yana cikin 'yan wasan da suka fi tsanar mulkin Nazi.

Ya yi suna tun zamanin finafinan da ba su da murya. A 1920 ya fito a The Cabinet of Dr. Caligari, yana wasan wani mutum da ake sa shi kisa cikin barci. Dogo ne siriri, idanunsa kaɗai sun isa su tayar maka da tsikar jiki. Wannan ya kai shi Hollywood, inda ya yi The Man Who Laughs a 1928, a matsayin mutumin da aka yanka wa baki tun yana yaro, fuskarsa ta zauna kamar mai dariya kullum. Da murya ta shigo harkar fim, Turancinsa bai nuna ba tukuna, sai ya koma gida.

A 1933 Hitler ya hau mulki. A shekarar ce Veidt ya auri Lily Prager, Bayahudiya, suka tattara suka koma Ingila. Nan ne nake ganin girman mutumin. Shi ba Bayahude ba ne, kuma tauraro ne da gwamnatin za ta so ta riƙe. Da ya ga dama, da ya zauna ya ci moriyar sunansa. Ya zaɓi matarsa, ya bar ƙasarsa, ya zama ɗan Birtaniya a 1939, ya kuma ba da dukiyarsa don taimaka wa yaƙi da Hitler.

Masu son labaran Dare Dubu da Ɗaya za su gane shi a The Thief of Bagdad na 1940, inda ya fito a matsayin mugun waziri Jafar. An fara ɗaukar fim ɗin a Ingila, yaƙi ya sa aka ƙarasa shi a Amurka, Veidt kuma ya zauna can.

To, me ya sa ake ba shi wasan Nazi? Harshensa ne. Duk Turancin da zai yi, Jamusanci na leƙowa, kamfanoni kuwa a lokacin yaƙi suna neman mai irin wannan murya don ya zama bos. Ya karɓa da hannu biyu, domin yana son jama'a su ga mugun halin mutanen da suka raba shi da gida. Ba shi kaɗai ba ne a Casablanca. Abokan wasansa a fim ɗin, Peter Lorre da Paul Henreid, su ma sun baro Turai saboda Nazi.

Abin da ke sosa mini rai shi ne bai ga faɗuwar Hitler ba. Fim ɗin ya fito a ƙarshen 1942, ranar 3 ga Afrilu, 1943 kuma ciwon zuciya ya kama shi yana wasan golf a Los Angeles, ya rasu yana da shekara 50.