Tambayi Bakanike: McLaren W1 da gardamar 'yan fada

Yawancin wasiƙun wannan wata sun karkata wuri guda, wato McLaren W1, sabuwar motar nan ta Ingila da ke yawo a wayoyin samari. Na zaɓi huɗu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Mu 'yan wata fada ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Tun da muka ga bidiyon McLaren W1, shayinmu ba ya ƙarewa sai da gardama. Wasu sun ce ita ce sarauniyar motoci, wasu sun ce Ferrari F80 ta fi ta. Ɗaya daga cikinmu da ya taɓa koyon gyaran mota ya ce duk motar da ta jingina da turbo da batir ha'inci ce, injin gaskiya shi ke shaƙar iskarsa da kansa. Ka raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam 'ya'yana. Gardamar nan taku ba ta unguwar Zariya kaɗai ba ce, masu son mota a ko'ina suna cikinta tun Oktoban 2024, watan da kamfanonin biyu suka baje motocin nasu kusan a jere.

Ga abin da ke cikin W1. Injinta V8 ne, wato mai silinda takwas, mai lita 4 da turbo biyu, yana ba da ƙarfin doki 928, yana juyawa har 9,200 a minti. An haɗa masa injin lantarki mai doki 347, jimilla 1,275, kuma duk ƙarfin nan tayoyin baya biyu kaɗai ke ɗaukarsa. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 daƙiƙa 2.7, zuwa 200 daƙiƙa 5.8. An ƙayyade mata iyakar gudu a 350. F80 kuwa injinta V6 ne mai lita 3, shi ma da turbo biyu da lantarki, doki 1,200, tayoyi huɗu ke ja. Magoya bayan Ferrari da yawa sun ɓata rai da ganin silinda shida a gidan da aka sani da sha biyu. Kamfanin ya kare kansa da cewa asalin injin daga motar tsere ta 499P yake, wadda ta ci gasar awa 24 ta Le Mans a 2023 da 2024.

To amma ni in aka kawo min takardar mota, ba yawan doki nake fara dubawa ba. Nauyi nake nema. W1 kilo 1,399 ce, F80 kilo 1,525. Ku lura, waɗannan lambobi na mota ce babu fetur, babu baƙin mai, babu ruwa, babu direba, haka kamfanoni suke son faɗa don lambar ta yi kyau. Duk da haka, motar da ke ɗauke da inji biyu da batir ta tashi a nauyin da bai fi na Corolla ta zamanin nan da wani abin kirki ba, wannan aiki ne. Hilux mai ƙofa huɗu tana kusan tan biyu.

Dalilin da ya sa na damu da nauyi, ku tambayi duk direban Hiace da ke yin hanyar Tasawa. In ya tashi babu kaya, birki ɗaya ya ishe shi. In aka laƙaba mata fasinja da buhunan gero a sama, inji bai canza ba, amma tashi ya yi nauyi, birki ya yi nisa, kwana ta zama abin tsoro, taya na zafi. Ƙarin doki yana taimakon mota a miƙaƙƙiyar hanya kawai. Nauyi kuwa yana nan tare da ita a birki, yana nan a kwana, yana cin taya, yana shan mai.

Ku dubi yadda suka bi kilo ɗaya-ɗaya suna cirewa. Gangar jikin W1 da zaren kabon aka yi ta, wani abu mai ƙwari da ya fi ƙarfe sauƙin nauyi. Kujerun ba sa motsi, an gina su ne a jikin gangar, saboda haka babu ƙarafunan da kujera ke zamewa a kai. In kai dogo ne ko gajere, totur da birki da sitiyari ne za su matso ko su ja baya. Babu giyar baya a cikin akwatin giya, injin lantarkin ne ke juyawa baya ya ja ta. Batirin ma ƙarami ne ƙwarai, da lantarki zalla kamar kilomita 2 za ta yi, ko Tibiri ba za ta leƙa ba. Ba don tsimin mai aka sa shi ba, don ya ingiza mota ne. Gidan McLaren ya saba da wannan hali. A 2020 da suka fito da motarsu 765LT, sun rage mata kilo 80 daga nauyin 'yar'uwarta 720S: gilashi siriri, salansa ta ƙarfen titaniyom, har na'urar sanyi da rediyo suka cire, sai mai saye ya ce a mayar masa, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ina tunanin mutumin da zai zauna cikin akwatin gilashi babu sanyi a watan Afrilu a garin nan, rana ta haura digiri 40. Wannan kam ba da mu suke ba.

Yanzu ga abokinku mai cewa ha'inci. Ya faɗi rabin gaskiya. Turbo zugazugin maƙeri ne: wuta ɗaya, gawayi ɗaya, amma in an hura iska sai ta narka ƙarfe. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya wata ƙaramar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke tura iska cikin silinda da ƙarfi. Iska ta ƙaru, sai a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru, ba tare da an girmama injin ba. Ƙaramin inji kuma ya fi babba sauƙin nauyi. Ina ha'inci a nan? Land Cruiser ɗin nan da kowa ke kira V8, tun samfurin 300 na 2021 babu V8 a cikinta, V6 ce mai turbo biyu, kuma Toyota ta ce ta rage mata kusan kilo 200. Ban ji wani Alhaji ya mayar da tasa ba.

Inda yake da gaskiya wurare biyu ne. Na farko jinkiri: ka taka totur, sai hayaƙi ya taru ya juya fankar kafin ƙarfi ya zo. Wannan giɓin ne injin lantarki ke cikewa a W1, don shi nan take yake amsawa. Na biyu murya. Fankar tana zaune a kan hanyar hayaƙi, tana danne kukan inji, kuma masu son mota da yawa kukan suke saye. Su irin abokinku akwai tasu: T.50 ta Gordon Murray, haifaffen Durban a Afirka ta Kudu, wanda shi ne ya zana McLaren F1 ta 1992. Injinta V12 ne babu turbo, yana juyawa har 12,100 a minti, giyar hannu, direba a tsakiya, doki 663, kuma nauyinta bai kai kilo 1,000 ba. Guda 100 aka yi.

Hukuncina: a filin tsere W1 za ta bar T.50 a baya, babu tantama. Tsakaninta da F80 na fi karkata ga W1 saboda kilo 126 ɗin nan. Amma in ana maganar mota mara nauyi da gaske, sunan na T.50 ne, kuma da za a ajiye min makullai uku a kan tebur, nata zan ɗauka. Abokin naku ya sayi sukarin shayin gobe, amma ku bar shi ya fara sha.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Babbar Kasuwa. Abin da ban gane ba, in kaya na da masu saye, me zai sa a yi W1 guda 399 kawai? Kuma in mutum yana da kuɗinsa a hannu, za a sayar masa?

AMSA: Alhaji, kai da ka san abin da ke faruwa da farashin wake in ya yi ƙaranci, ba sai na yi dogon bayani ba. Kuɗin da aka sa wa W1 a Ingila a 2024 kusan fam miliyan 2 ne, a sefa kamar miliyar ɗaya da rabi, kafin jirgi da duwan. Ranar da aka nuna ta ga duniya an riga an raba duka 399. Kamfani ne ke zaɓar wanda zai saya wa, yawanci cikin tsofaffin abokan cinikinsa da suka sayi motocinsa a baya. Baƙo da jakar kuɗi sai dai ya jira hannu na biyu, ya biya abin da mai ita ya yanka.

Abin da ke ruɗin masu saye shi ne labarin McLaren F1. Guda 106 aka yi gaba ɗaya, kuma a 2021 an yi gwanjon ɗaya a Amurka a kan fiye da dala miliyan 20. Kowa na fatan tasa ta bi wannan sahu, shi ya sa da yawa ake rufe su da mayafi a ɗaki, ba sa ganin kwalta, abin da ke ƙona ran masu son tuƙi. Sai dai ba kullum lissafin ke fita ba. Shi wannan kamfanin ya ce zai yi Elva guda 399, motar da ba ta da rufi, daga baya ya rage zuwa 249, ya sake ragewa zuwa 149. Ferrari kuma ta yi akasin haka da F40 ta 1987: an shirya 400, da masu saye suka yi yawa aka ƙera sama da 1,300. Wanda ya saya don ƙaranci ya wayi gari da 'yan'uwa dubu.

TAMBAYA: Yaya, in W1 tana gudun 350, ke nan awa biyu ta ishe ni daga Maradi zuwa Yamai?

AMSA: Ƙanena, lissafinka na takarda daidai ne, kilomita 660 ne ko kusa da haka. Sai dai cikin motar nan kusan a ƙasa yake, kuma in aka sa ta a yanayin tsere gabanta na ƙara sauka da milimita 37, fiffiken baya ya zamo baya da santimita 30, iska ta danne ta da nauyin da zai kai tan guda. An yi wannan ne don kwalta mai santsi, mai shinge, wadda jaki ba ya tsallakawa. Kai kuwa akwai tudun rage gudu a ƙauye bayan ƙauye tun kafin Gidan Rumji, ga amalanke, ga shanu, ga shingen jami'ai, ga ramukan da damina ta bari. Kuma a irin wannan gudun tanki ba ya daɗewa, injin kuma ba ya shan man kwalba na bakin hanya. Ka yanki tikitin bas.

TAMBAYA: Baba, ni direban fikof ne mai gazuwal, ina jigilar kaya tsakanin Maradi da Dakoro. Turbo ɗina ya mutu, na sa wani na hannu, shi ma yanzu yana fito, ga shuɗin hayaƙi, ga baƙin mai na raguwa. Shin turbo bai dace da ƙasarmu ba ne?

AMSA: Ɗana, wannan ce tambayar da ta fi amfani a wannan wata. Abin da ke cikin motar miliyar ɗaya da rabi da wanda ke cikin taka aikinsu ɗaya, kuma abin da ke kashe su ɗaya. Sandar da ke tsakiyar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, a kan siririn baƙin mai take yawo, gefe guda kuma hayaƙi mai zafin gaske na dukanta.

In ka taso daga Dakoro da kaya, ka iso ka kashe inji nan take, famfon mai ya tsaya alhali ƙarfen na da zafi. Man da ya rage a ciki sai ya dahu ya zama gawayi, ya toshe siririn bututun da ke kawo mai. Ka bar inji ya yi minti biyu yana aiki a tsaye kafin ka murɗa makulli. Da safe ma kada ka taka totur da ƙarfi inji na tashi, mai bai riga ya hau ba.

Ina zargin wanda ya sa maka na biyun bai taɓa wancan bututun ba. Na sha buɗe irin wannan a garaji: ka cire bututun, ka hura da baki, iska da ƙyar take wucewa, ka ƙwanƙwasa shi a kan benci baƙin gari na zubowa. Turbo sabo fil ma in aka ɗaura shi a kan wannan bututun ba zai yi nisa ba. A canza bututun shiga, a duba na fita, a zuba sabon mai da sabuwar matatar mai, a ɗiga mai a cikin turbo ɗin kafin a tada inji.

Sai ƙura. Matatar iska ita ce mai gadin turbo, kuma hanyarka da hunturu sun fi ƙarfin adadin kilomitan da aka rubuta a littafin mota. Yawan bugun ta da iska mai ƙarfi yana huda takardar, ramin da ido ba ya gani yashi na gani. Ka saya sabuwa, ka duba robar da ke tsakaninta da turbo ko ta tsage ko maɗaurinta ya saki. Kada a yar da tsohon turbo ɗin: a cire robar gaba a haska fankar da tocila. In bakin fikafikanta ya cinye ya yi kaushi, yashi ne. In fikafikan lafiya lau amma sandar na girgiza in ka taɓa ta da yatsa har tana gogar bango, matsalar mai ce. Shuɗin hayaƙin da ka ambata ya fi kama da na biyun, kuma kada ka ci gaba da tafiya da shi a haka, don injin gazuwal na iya fara shan man da ke zubowa ya yi ta gudu da kansa ko an zare makulli.