Gishirin da muke kai wa maƙwabta ranar Sallah

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa a gidanmu ake haɗa ƙullin gishiri da busasshen kifi cikin abincin Sallah da muke aika wa maƙwabtanmu Ibo, alhali sauran gidaje tuwo da nama kawai suke kaiwa. Wannan ba gadon kaka da kakanni ba ne. Kakanka ne ya fara, bayan ya dawo daga yaƙin basasa a 1970.

Da Ojukwu ya ayyana ɓallewar yankin Gabas da sunan Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967, gwamnatin Gowon ta sa sojan ruwa suka datse bakin teku. Babban jirginsu shi ne NNS Nigeria, shugabansu kuma Joseph Wey. Kowane jirgin kaya aka hana shi shiga ko fita. A Yuli suka sauke dakarun Benjamin Adekunle a Bonny, inda ake lodin mai, a Oktoba Kalaba ta faɗi, a Mayun 1968 kuma Fatakwal. Daga nan Biyafara ba ta da mashiga ta ruwa, sai jiragen sama na agaji masu sauka da dare a filin jirgin garin Uli.

To, ka san abincin mutanen can doya ne da rogo. Abin da ke gina musu jiki shi ne busasshen kifin Norway da ake kawowa ta teku, da shanun da ke zuwa daga wajenmu. Duka biyu suka yanke, gishiri ma ya zama kamar zinariya. Kakanka ya ce ya ga yara ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja, cutar da ake kira kwashoko. Wata tsohuwa ta durƙusa gabansa, ba kuɗi ta roƙa ba, ɗan gishiri ta roƙa saboda jikarta. Bai taɓa ba da labarin nan idonsa bai kawo ruwa ba.

Shi dai har ya rasu yana cewa riƙe ƙasa ɗaya wajibi ne. Amma yunwar yaran nan bai taɓa kare ta ba, ni ma ban ga hujjar da za ta wanke ta ba. Yaro ɗan shekara uku me ya sani game da ɓallewa?

Sallar bana kai za ka kai. Ka yi sallama, ka gaida dattijon gidan, ka miƙa da hannu biyu. In ya so ba ka labari, ka zauna ka saurara.