Kafin Ka Sayi Adaidaita Sahu, Buɗe Littafin Bashi

Tambaya: Malam, ina da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, da yaran shago huɗu. Bayan Sallah na tara naira miliyan 8. Abokina ya ce in sayi Adaidaita Sahu, wani ya ce in ajiye masara a Dawanau, ni kuma shago na biyu nake so. Da wanne zan fara? Akwai bashin kusan miliyan 5 a waje, amma ƙanena ke kula da wannan.

Amsa: Alhaji, ko ɗaya. Ka jero min hanyoyi uku na kashe kuɗi, sannan ka ɓoye ainihin maganar a layin ƙarshe kamar ba komai ba. Miliyan 5 a hannun mutane, kai kuma "kusan" kake cewa. Maigidan da ke cewa "kusan" a kan bashinsa bai san shagonsa ba. Wa ya ci? Tun yaushe? Nawa ya biya? In na tare ka a bakin kasuwa yanzu, za ka iya kawo min sunaye biyar?

Ban ce ƙanenka ɓarawo ne ba. Matsalar ita ce kunya. Kai ba ka iya ce masa "kawo littafi in gani", shi kuma ba ya iya hana abokinsa turmi goma zuwa bayan Sallah. Da haka kuɗi ke narkewa ba tare da kowa ya yi sata ba.

Miliyan 8 ɗin ma ina da shakka a kansa. Riba ce, ko uwar kuɗi ce da ba ka koma sari da ita ba? Na san wani ɗan kasuwa da ya sha ciniki a 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin hukuma. Aka saki naira a watan Yuni don kasuwa ta yanke farashinta, kafin watan Maris na 2024 dala ta haura 1,500. Shi kuwa ya ga kuɗi jibge, ya sayi fili da mota. Da ya koma saro kaya, abin da ya rage bai kawo masa rabin dilolin da ya saba ba. Na shiga shagonsa na tarar ya baje turame ɗai-ɗai a kan kanta don kada a ga ramukan.

Adaidaita Sahu kuwa, wa zai bi maka balas kowace yamma, kai da ba ka bi miliyan 5 ba? Masara ma ka tambayi waɗanda suka ajiye da tsada a 2024 yadda farashi ya karye musu a 2025. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Wannan makon, bayan sallar Isha'i, ka zaunar da ƙanenka ku biyu kawai, ku bi littafin suna bayan suna. Bashin da ya wuce wata shida ka ware shi, ka ɗauka ya mutu har sai ya dawo. Sauran kai da kanka za ka buga waya. Daga yau duk bashin da ya haura dubu 100 sai da izininka, ka kuma faɗi haka a gaban yaran shago huɗun don kada ƙanenka ya ga shi kaɗai ake nufi.

Sai ka ƙirga kaya da farashin sari na yau. In miliyan 3 ta dawo daga cikin bashin nan, rubuto min mu yi maganar shago na biyu.