Hilux ɗin da aka sa wa injin gas: me takardunta ke cewa?

Wani mai karatu daga Kurna ya aiko da wannan tambaya: "Barista, na ga wata Hilux a wajen dillali. Asalinta ta fetur ce, aka sauke injin aka ɗora na gas, wato dizal, aka ƙara mata sifirin, mai walda ya yi mata dogon bodi na ƙarfe. Lambarta mai shuɗin rubutu ce. Ina so in riƙa ɗauko hatsina daga Dawanau, in kuma yi wa 'yan kasuwa dako idan an samu. Na ba da kafin alƙalami. Dillalin ya ce in bar lambar yadda take, 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, ba sa damun shuɗiya. Ina matsayina?"

Malam, kada ka cika kuɗin tukuna. Sauya wa mota inji ko bodi ba laifi ba ne a kan kansa. Inda ake samun matsala shi ne motar ta zama wata aba daban, takardunta kuma su ci gaba da bayanin tsohuwar. Ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na 2012 sun wajabta wa mai mota ya sanar da hukumar ba da lasisi idan ya sauya inji ko launi, domin a gyara rajista. Idan mai sayarwar bai yi ba, ranar da ka karɓi makulli nauyin ya dawo wuyanka.

Ka fara da lambar shasi, wato ƙarfen da aka ɗora motar a kansa, domin ita ce sunan yankan mota. Ka je da bakaniken da kai ka ɗauko, ba na dillali ba, ya duba ta a jikin ƙarfen, ku gwada da wadda ke takardar kwastam da takardar mallaka da lasisi. Na fi jin tsoron wannan wajen fiye da komai a motocin da aka yi wa aiki, saboda wani lokaci garin tsawaita baya ana yanka shasin, walda ta cinye lambar, ko a sake buga ta da hannu. Motar da lambar shasinta ta nuna alamar taɓawa, ɗan sanda yana da hujjar riƙe ta a kan zargin sata, kuma kai za a tambaya. In ka ga haka, ka haƙura da ita ko nawa aka rage maka.

Sai injin. Ina rasit ɗinsa? Injin da aka sayo a Ƙofar Ruwa yana da mai shago da ya sayar, kuma yana da lamba. Abin da aka saba nema wajen gyaran rajista shi ne wannan rasit, da takardar rantsuwa daga kotu, da rahoton 'yan sanda, sannan jami'an VIO, masu binciken lafiyar ababen hawa, su duba motar su ba da shaidar cewa ta cancanci hawa titi. Wannan dubawar kada ka ɗauke ta a matsayin cika ƙa'ida kawai. Injin gas ya fi na fetur nauyi, bodin da aka ƙara zai sa ka loda buhunan da birkin asali ba a yi shi dominsu ba, kuma hanyar Dawanau cike take da mutane.

Maganar dillali kan lamba kuwa ba shawara ba ce. A Najeriya shuɗin rubutu na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati. Aikin da mota ke yi shi ke raba ajinta. Da zarar ka karɓi kuɗin wani don kai masa kaya, motarka ta haya ce a idon doka, kuma yin haya da lambar gida laifi ne da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, da VIO ke kama mutane a kansa. Tarar ma ba ita ce babbar asarar ba. Inshora ce. A farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade daga Janairun 2023, inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna naira 15,000 ce ga motar gida, 20,000 ga mai ɗaukar kayan mai ita, 100,000 ga manyan motocin dako. Idan ka yanki ta gida, Allah ya kiyaye, aka yi haɗari kana ɗauke da kayan haya a motar da injinta bai dace da takarda ba, kamfanin zai samu ƙofar ƙin biya, diyya da gyara su faɗo kanka kai kaɗai.

Ka kuma leƙa sitiyarin. Wasu daga cikin irin waɗannan motoci na hannun dama ne aka juya su, alhali tun 1972 ƙasar nan ta koma tuƙin sitiyarin hagu, kuma juyin da ba a yi shi da kyau ba yana kashe mutane.

Abin da na fi so ka yi: ka koma wa mai motar, ba dillali kaɗai ba, ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu cewa shi zai gyara bayanin inji da bodi a rajista kafin ka biya sauran. In ya ce ba shi da lokaci, a rage kuɗin aikin daga farashi, ya miƙa maka rasit ɗin inji da takardar canjin mallaka da sa hannunsa, kai ka je ofishin lasisi da ke ƙarƙashin hukumar tattara haraji ta jiha ka yi rajistar haya da sunanka.

In kuwa ya kasa kawo rasit, ko lambobin suka saɓa, ka nemi kafin alƙalaminka a rubuce. Aibin da aka ɓoye wa mai saye yana ba shi damar warware ciniki, a kotun shari'ar Musulunci da ta majistare baki ɗaya. Sai dai sauyin inji da bodi an gaya maka tun farko, don haka ba za ka kafa hujja da su ba. Hujjarka ita ce takardun da aka ce sun cika alhali ba su cika ba. Ka adana shaidar tura kuɗin da duk saƙonnin da kuka yi da dillalin, ka ɗauki hoton lambar shasi da ta inji yau ɗin nan, tun motar tana inda ka gan ta.